Neman Taya a Kasuwar Sabon Gari

Ran wata Litinin cikin watan Nuwamba na 2023 muka shiga Kasuwar Sabon Gari ta wajen 'Yan Kura, mu biyu, wa da ƙane. Ƙaraminmu ya rataya tsohuwar tayar babur a kafaɗa, babbanmu kuwa yana riƙe da 'yar takarda wadda muka kwafe lambar jikin tayar a kanta, watau 150/70-17. Mun faɗa wa iyali kafin azahar za mu komo, gama mun tashi muna jin ana cewa abin da ka nema a Sabon Gari ka rasa, sai dai ka haƙura ka koma gida. Taya guda tak mu ke nema. Amma sai da aka yi kwana 19 kafin babur ɗinmu ya sake taka titi. Abin da muka gani cikin kwanakin nan shi ne mu ke so mu ba masu karatu labari, musamman samarin gidajenmu da mu ke gani suna haɗiyar yawu duk sa'ad da babban babur ya wuce.

Ga yadda babur ɗin ya shigo hannunmu. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya tashi daga London a kan babur ran 19 ga Afrilu, ya ratsa Faransa da Sifen da Maroko da ƙasashen Afirka ta Yamma, ya iso Legas ran 29 ga Mayu, domin ya tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Kowane dare mu kan zauna a ƙofar gida mu duba waya mu ga inda ya kai. Tun kafin shi ma an yi Olabisi Ajala, wanda ya fara zaga ƙasashen duniya a kan Vespa a 1957. Sai muka ce a ranmu, su da suka fito daga kudu sun yi, balle mu da hanyar Sahara ta ke a bakin ƙofarmu? Babbanmu malamin makaranta ne, ƙaraminmu yana aikin haɗa wayar lantarki a gidaje. Muka haɗa kwasar adashe biyu da kuɗin wani ɗan fili da muka sayar, muka sayi babur ɗan gwanjo, ƙirar Japan, wanda ya sha tafiya a Turai shekara goma sha kafin ya zo ƙasar nan.

Ran da aka kawo shi, matar babbanmu ta fito ta zaga shi sau biyu, ta ce, "Baban yara, wannan babur ne ko bijimi?" Sa'an nan ta lissafa mana kuɗin makarantar yara huɗu a kan yatsunta, ba ta ƙara cewa kome ba, ta koma ciki. Muka yi dariya a ranar. Yanzu kam ba mu cika yin dariyar ba.

Ga wanda bai taɓa hawan irinsa ba, ba daidai ya ke da baburan da muka saba gani ba. Ƙarfin injinsa 650 ne a ma'aunin da makanikai ke kira si-si, alhali kuwa Boxer ko Jincheng da ke kai mutane gona ba su wuce 100 zuwa 125 ba. Nauyinsa ya ɗara kilo 200, in ya faɗi mutum ɗaya ba ya tā da shi sai da dabara. Tankinsa yana cin wajen lita 20. Yana da gilashi a gaba mai kare ƙirji daga iska, da akwatuna biyu a gefe na zuba kaya, da kujera mai faɗi wadda mutum zai yini a kai bayansa bai ƙage ba. An ƙera shi ne domin doguwar tafiya, ba domin zuwa cefane ba.

Kada mu yi masa butulci, ya ba mu daɗi. Cikin Janairu 2023, ana tsakiyar hunturu, muka tafi Daura. Tun da ya ke akwai dokar hana goyo a kan babur cikin birni, ƙaraminmu ya shiga mota ya jira a bayan gari, can muka haɗu. Muka bi ta Dambatta, hazo ya rufe gonaki, karan dawa an tattara shi buka buka, sanyi yana shiga ta hannun riga kamar allura. Injin ba ya kuka irin na ƙananan babura in an matsa musu, sai dai wani gurnani a ƙasa ƙasa, kamar bai san yana aiki ba. Da muka kai duwatsun Kazaure rana ta fara ɗumama bayanmu, muka tsaya muka sha shayi, yara suka kewaye babur suna leƙa fuskarsu a jikin tanki. A Daura muka ga rijiyar Kusugu, sa'an nan muka ƙarasa Kongolam, muka tsaya muna duban ƙasar Nijar. A nan muka yi alkawari baɗi sai Damagaram, in Allah ya yarda kuma wata shekara sai Agadas.

Shekarar ba ta bi lissafinmu ba. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, lita da mu ke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mu kuwa mun auna, lita ɗaya ba ta kai namu fiye da kilomita 20, alhali ƙaramin babur na maƙwabcinmu yana ninka wannan har da ɗori. Ran 26 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, cikin Agusta aka rufe iyaka. Tafiyar Damagaram ta sha ruwa. Sa'an nan a Nuwamba, ba cikin hamada ba, ba a dajin Falgore ba, a lungun gidanmu, ana tafiya kamar ta hawainiya, wani guntun rodi da magina suka yar ya tsaga gefen tayar baya. Muka tura shi wurin mai faci. Ya duba, ya sa yatsa cikin tsagar, ya ce, "Malam, irin wannan ba ta da robar ciki, kuma a gefe ta yage. Ko na liƙe maka, ni dai ba zan hau ba." Abin da ya kai mu kasuwa ke nan.

Wanda bai san Kano ba ya kamata ya san inda muka shiga. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wajen 1913 Turawan mulki suka keɓe fili a bayan ganuwa domin baƙin da jirgin ya kawo, ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, Yarbawa da Nufawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, daga baya kuma Ibo da yawa. Shi ne Sabon Gari, ko da ya ke yanzu ya haura shekara ɗari, sunan bai tsufa ba. Maƙwabciyarsa Fagge ta girme shi nesa ba kusa ba, gama can ne zangon da ayarin Buzaye ke sauke raƙuma tun zamanin da. Ashe unguwannin nan biyu tun asali na matafiya ne. Kasuwar kuwa a takarda sunanta Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, amma ba mu taɓa jin ɗan Adaidaita Sahu yana kiran fasinja da wannan suna ba. Bata ko 'Yan Kura za ka ji.

Shiga cikinta da ƙatuwar taya a kafaɗa wani aiki ne. Ta bakin 'Yan Kura ƙasa a jiƙe ta ke da ruwan kayan miya, ga tumatir kwando kwando, ga doya an jera kamar itacen girki, ga manja cikin jarkoki, ga warin busasshen kifi yana bin mutum har cikin riga. 'Yan baro suna ta ihu, "Hanya! Hanya!" kuma ba su jira ka kauce. Da ka shige ciki sai rana ta ɓace, layuka su ƙuntata, shago bisa shago, wannan na takalma, wancan na robobi da tukwane, gaba kaɗan agogo da turare, sa'an nan wayoyin lantarki a naɗe har rufi. Janareta na ruri ta ko'ina. Cikin taku ashirin za ka ji Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin kasuwa, wani lokaci duka a bakin mutum guda, amma in ciniki ya kai wurin kuɗi, da Hausa a ke ƙarasa shi. "Albarka" da "na sallama" ba su da ƙabila a wurin nan. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta dubi tayarmu ta ce, "'Ya'yana, motar tana ina?"

Kayan babura ba a tsakiyar kasuwa su ke ba, sai a shagunan da ke kewaye da ita, wajen Titin Faransa da layukan da ke bayansa. Can muka nufa. Abin da muka gani ya isa a yi mamaki. Mutum zai iya shiga layi ɗaya hannu wofi, ya fito da kowane ƙarfe da a ke bukata a haɗa ƙaramin babur sukutum, tun daga fulogi da kafireto har sarƙa da salansa da murfin tanki. Tayoyi kuwa ga su nan a rataye kamar ƙuli-ƙuli a tsinke. Muka miƙa takardarmu. Yaron shago ya ga 17 a ƙarshen lambar, ya yi murna, ya jawo mana tayar Boxer. Gaskiyarsa ne ta wani gefe, gama da tasa da tamu duk ƙarfen ƙafa mai inci 17 su ke hawa. Amma faɗin tasa inci 3 ne, tamu kuwa milimita 150, kusan inci 6. Da aka jera su sai ka ce akuya da saniya.

A ranar muka koyi wata al'adar kasuwar. Ɗan kasuwar Sabon Gari ba ya son furta kalmar "babu". Zai ce, "Zauna, ranka ya daɗe, ina zuwa," ya ba ka benci, ya aiki yaro. Yaron zai zaga shagunan maƙwabta, in ya samo, mai shago ya ɗora ɗan abin da zai ci a kai, kowa ya amfana. Tsari ne mai kyau, sai dai mu ya cinye mana yini. Mun zauna a benci shida, kuma daga baya muka gane yaran duk shaguna ɗaya su ke zagawa, har wani ya zo neman tayar a shagon da mu ke zaune, domin wasu mutum biyu, in ji shi, da suka zo ɗazu. Mu ne mutum biyun.

Kashegari wani ya fito mana da ita. Lambar daidai, ta gwanjo ce, zanen jikinta bai cinye ba, kuɗinta kuma da sauƙi. Saura kaɗan mu biya. Sai ƙaraminmu ya ce a bari mu nuna wa wani tsohon makanike a Fagge wanda abokin aikinsa ya taɓa ba shi labari. Mai taya ya haɗa mu da yaronsa, muka tafi.

Mun same shi a gindin darbejiya, dattijo mai furfura, yana wanke kafireto cikin gwangwanin fetur. Muka gaisa, muka ce, "Baba, shawara muka zo nema." Bai dubi zanen tayar ba sam. Ya juya ta, ya goge gefenta da tsumma, ya nuna mana wasu lambobi huɗu cikin ɗan zobe: 2311. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau an yi ta a mako na 23 na 2011. Sa'an nan ya matsa robar da babban yatsa, sai ga ƙananan tsagu sun buɗe kamar faso a diddige. Ya ce, "Shekararta 12. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. A sanyin Turai ta yi wannan, ina ga kwaltar Kano cikin watan Afrilu? Mota in tayarta ta fashe tana da sauran uku. Ku fa?" Muka sallami yaron da kuɗin mota, ya koma da kayarsa. Mai karatu, in ba ka ɗauki kome cikin labarin nan ba, je ka duba lambobi huɗun nan a jikin tayar da ke ɗaukar iyalinka.

Baba bai sake mu da wuri ba, mu ma ba mu so tashi ba. Ya ce ya fara koyon aiki ana gab da rabon kuɗin Udoji a 1975, sa'ad da ma'aikatan gwamnati suka sami ƙarin albashi a dunƙule, kowane akawu da malamin makaranta ya je ya sayo Honda ko Suzuki ko Vespa. A zamanin nan kuma, in ji shi, da sanyi ya shigo sai ka ga Turawa sun ɓullo daga hamada, ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, fuska duk ƙura, su sauka a masaukin baƙi na titin Bompai, su zo Fagge neman walda da wayar ƙafa. Ya ce waɗanda baburansu ke da kik da kafireto, ko me ya same su a kan gyara. Muka nuna masa hoton namu a waya. Ya tambaya ina kik, muka ce babu, sai batir. Ya tambaya ina kafireto, muka ce na'ura ce ke auna masa mai. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Doki kuka saya. Doki kuwa ba a sayensa don an sami kuɗinsa, sai an sami na dawa da kanwa da ɗan barga. Fatake da suka kai Gwanja suka komo, jaki suka kora, domin jaki kowane ƙauye ya san abincinsa."

Da muka koma gida muka bincika, muka tarar maganar Baba tana da shaidu tun kafin a haife shi. Ran 11 ga Disamba 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga London a kan babur ƙirar Panther mai kwando a gefe, suka ratsa Sahara. Injin ya lalace kafin su kai Agadas, suka yi makonni a can suna jiran kayan gyara, sa'an nan suka iso Kano, suka wuce, ba su kai Cape Town ba sai ran 29 ga Yuli 1935. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda aka gama a Janairu 1979, shi ma ta Agadas ya bi, kuma wanda ya ci a babur, Cyril Neveu, Yamaha XT500 ya hau, mai silinda ɗaya da kik. Har kamfanin ya sa wa wani babur nasa sunan hamadar Tenere ta Nijar a 1983. Hanyar nan ta mutu ga 'yan yawon buɗe ido tun farkon shekarun 1990, saboda rikicin Aljeriya da na arewacin Nijar. Watau mu da muka yi kwana 19 muna jiran taya a gidanmu, muna cin tuwonmu, ba mu da bakin kuka.

Baba ne ya aike mu wurin wani ɗan kasuwa Ibo a bayan Titin Faransa, ya ce mu ce shi ya turo mu. Mutumin a Sabon Gari aka haife shi, in yana magana a bayan labule sai ka rantse Bakano ne. Shi kaɗai ne ya dubi takardarmu ya ce, "Malam, babu ita a layin nan, kada ku wahal da kanku." Ya bayyana mana dalili. Shago ba ya ajiye abin da zai shekara a rataye. Tayar Boxer yana sayar da ita kullum, irin tamu kuwa mai yiwuwa mutum ɗaya ya tambaya a shekara, kuɗinta kuma ya isa ya cika kanta guda da kayan da ke tafiya. Ya buga waya Nnewi, garin da kasuwarsa ta Nkwo ta yi suna a kayan babura, inda shi kansa ya yi shekaru yana yi wa maigidansa hidima kafin a sallame shi da jari. Can ma aka ce babu. Sai Legas, inda masu manyan babura su ke da yawa. Aka samu. Ya ce mu ba da rabin kuɗi, za a sa ta a motar dare, mu karɓa a tashar New Road. Ya yagi gefen kwali ya rubuta mana shaida. Kuɗin tayar nan guda, da muka lissafa, ya sayi tayar ƙaramin babur wajen goma.

Muna ƙirga kuɗi muna kallon guntun kwalin nan, sai ya lura. Ya yi murmushi ya ce in da takarda ce ke riƙe da kasuwar nan, da ta watse tun 2016. A daren Asabar 26 ga Maris na shekarar, ana jajiberen Ista, wuta ta tashi cikin kasuwa ta cinye shaguna fiye da 3,000. A lokacin yana da rumbun ajiya a ciki. Ya ce da gari ya waye bai sami kome ba sai ƙarafa da suka narke suka manne da juna, littafin bashi ma ya ƙone. Waɗanda ya ke bi, Hausawa makanikai mafi yawansu, su da kansu suka riƙa zuwa suna faɗin abin da ke kansu. Mutanen Nnewi kuma suka aiko masa da kaya bashi. Bai faɗi wannan domin ya burge mu ba, yana faɗa yana ɗaure wa wani yaro fulogi cikin leda.

Kafin wutar ma ya sha wani bugu. Ran 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a kan babur cikin birni. Acaɓa ta mutu dare ɗaya, shagonsa cike da kayan 'yan acaɓa. Sai da ya juya ya koyi kayan keke mai ƙafa uku, wadda aka fara kawowa a zamanin Shekarau da sunan Adaidaita Sahu. Cikin Maris na shekarar nan kuma bam ya tashi a tashar New Road, inda za mu karɓi tayarmu, mutane da yawa suka rasu. Masu karatu na Sabon Gari ba su bukatar a tuna musu.

Sai jira. Kusan kullum ɗayanmu ya kan leƙa, har masu shagunan layin suka sa mana suna Masu Taya. Mun gane kasuwar tana da hutu iri biyu, ran Jumma'a da rana rabin layi ya tafi masallaci, ran Lahadi ɗaya rabin yana sujada, saboda haka mai gaggawa ya yi lissafi da kwana biyar da rabi. Cikin zaman jiran nan muka duba hulunan kwano da a ke sayarwa. Wasu in ka matsa su da hannu biyu sai su lanƙwashe kamar roba ta wanki. Sun tuna mana da Janairu 2009, sa'ad da hukumar kiyaye haɗura ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, labarin ya zaga duniya ana dariya. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ba zai ga abin dariya ba. Mai babban babur da ya yi tsimi wajen hula, gara ya bar babur ɗin a gida.

A rana ta tara, Talata da dare, aka bugo waya daga ƙauyenmu a ƙasar Tudun Wada. Inna ba ta da lafiya, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, ba ta cin kome, ta fara magana ba kan gado. Ga babur na doguwar tafiya a tsakar gida, an ɗora shi a kan bulo, ba ƙafar baya. Ba mu taɓa jin kunya irin ta daren nan ba. Da asuba ƙaraminmu ya buga ƙofar maƙwabci ya ari Boxer ɗinsa, wanda mu kan yi wa ba'a, babbanmu kuwa ya tafi tasha neman mota. Na kan Boxer ya riga isa. Ya bi hanyar Zariya har Kwanar Ɗangora, ya karkata, ya bar kwalta ya shiga burji. Ƙaya ta huda masa taya a wani ƙauye da ko shagon shayi babu, amma akwai mai faci, cikin minti goma sha biyar ya liƙe ta. A kan babur ɗin nan aka ɗauki Inna zuwa asibiti, ita a tsakiya, wata jikanyarta a baya tana riƙe da ita. Namu, da tsawonsa da akwatunansa, ko da lafiyarsa ƙalau, tsohuwa marar lafiya ba ta iya hawansa.

Allah ya taimake mu, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, bayan kwana huɗu ta tashi zaune ta nemi kunu. Da ta gane mu sosai, ta dubi ƙofa, ta ce, "Ina dokin naku da a ke ta ba ni labari?" Babbanmu ya ce, "Yana gida, Inna, ba shi da takalmi." Ta ce, "To, ku gai da mai jakin."

Tayar da aka fara aikowa daga Legas ta gaba ce, aka mai da ita, shi ya ƙara mana mako guda. Ta gaskiyar ta iso ran Jumma'a da safe, a naɗe cikin buhu, a ƙarƙashin motar dare tare da jarkokin manja. Abu na fari da muka yi a tasha shi ne muka juya gefenta muka karanta lambobi huɗu. Ta shekarar ce. Muka biya sauran kuɗi, ɗan kasuwar ya karɓi guntun kwalinsa ya yayyage. Mai facin unguwarmu ya ce ƙarafansa za su lauya mana ƙafa, sai da muka kai wurin masu injin cire tayar mota. Da la'asar babur ya sauka daga kan bulo.

A daren nan muka zauna mu huɗu, da matanmu, muka yi lissafi a takarda, wanda ya kamata mu yi tun kafin mu sayar da fili. Babbanmu ya ce a sayar. Ƙaraminmu ya ce an riga an sha wahalar, a bari a mora. Matan suka ce su dai kuɗin makaranta ba za a sake taɓa shi ba, kuma duk abin da babur zai ci, sai daga asusun da za a buɗe masa shi kaɗai. A kan wannan aka tsaya. Tun daga lokacin, in taya ta kai rabi mu kan ba da saƙon wata, sarƙa da takalman birki kuma muna da na ajiya a ƙarƙashin gado. Mun kuma haɗa kuɗi mun saya wa ɗan ƙanen Inna ƙaramin babur, yana can ƙauye kusa da ita.

Nijeriya ta buɗe iyakarta da Nijar a Maris 2024, amma har yanzu ba mu je Damagaram ba. Mun je Daura sau biyu, mun je Zariya. Duk sa'ad da muka biyo ta Fagge mu kan tsaya mu gai da Baba, shi kuwa ya kan taso ya zaga babur, ya tsuguna ya duba gefen taya kafin ya amsa gaisuwa. Tsohuwar tayar tana wurinsa. Ya ɗora mata katako, a kanta ya ke zaunar da baƙi.